Minti uku a zaure: yadda wani dattijon ɗan wasa ya fito a fim ɗin Yaƙin Burma a ƙasar Kabi

Shirin da mutumin

Fim ɗin labarin samari biyu ne daga wani ƙauye na bakin fadama tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, waɗanda aka ɗiba soja a 1943 aka kai su Burma. Ɗaya ya dawo a 1946, ɗayan bai dawo ba. Labarin ƙirƙira ne, amma yaƙin gaskiya ne. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, Ingila ta haɗa runduna biyu ta sojojin Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, ta loda su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan suka shiga dazuzzukan Arakan suna yaƙi da Japan. Ta 81 ta yi fama a kwarin kogin Kaladan a 1944, kuma a Janairun 1945 aka ci garin Myohaung. Wanda ya san barikin Myohaung da na Arakan a Legas, ko na Dalet a Kaduna, ko na Chindit a Zariya, to sunayen daga can aka kwaso su. Tambarin runduna ta 81 baƙin gizo ne, na ta 82 kuwa mashi biyu ne a gicciye bisa gammo, domin da yawa daga cikin mutanen dako suka yi a ka a inda mota ba ta shiga.

Ni ne mataimakin darakta, kuma ni ke riƙe da littafin da ake rubuta kowace ɗauka. Lissafin da ke ƙasa daga littafin nan na ciro shi.

Fitowa ta 41 ita ce inda sojan da ya dawo yake kai wa mahaifin abokinsa kayan mamacin. Fitowa ɗaya ce tak, minti uku a takarda, kuma tun ana rubutu darakta ya ce mutum ɗaya yake gani a zauren nan. Dattijo ne da ya haura saba'in, tsohon ma'aikacin yaɗa labarai, wanda ya fara da wasannin wayar da kai da ake bin ƙauyuka da su tare da majigi, sannan ya shiga rediyo da talabijin a Sakkwato. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 ya dawo gida da aiki, ya yi ritaya a nan. Shekara goma sha ɗaya rabonsa da kamara. Duk wanda ya kai arba'in a yankin nan ya san muryarsa, ko da fuskar ta ɓace masa.

Abin da muka sani game da lafiyarsa kafin a fara: yana da ciwon suga, yana da yanar ido a ido ɗaya, kuma kunnensa na hagu ya yi nauyi.

Oktoba: gaisuwa da alkawari

Mu uku muka je gidansa bayan la'asar, da goro da turare. Darakta ya durƙusa ya ce, "Baba, alfarma muka zo nema." Ya saurari labarin har ƙarshe bai katse shi ba, sannan ya tambayi abu biyu: kwana nawa, kuma wa zai zauna gabansa. Aka ce yini ɗaya ne, aka faɗi sunan yaron da zai fito a soja. Ya ce ya yarda. Aka yi maganar kuɗi da babban ɗansa a waje, aka biya rabi nan take.

Kafin mu tashi na miƙa masa takardar fitowar: shafi biyu, kalma kusan 400, akasarinta jawabi guda ne da uban zai yi a kan yadda aka kwashe 'ya'yan talakawa ta hannun En'e, hukumar sarakuna ta zamanin Turawa, aka kai su yaƙin da ba nasu ba. Ya juya takardar, ya ajiye ta ƙarƙashin buzu, bai ce komai ba.

Nuwamba zuwa Disamba: hadda

An fara da buga takardar da manyan haruffa. Baba ya iya karatun boko sarai, amma bayan layi biyar ko shida idon sai ya fara ruwa. Mako biyu ba a wuce sakin layi na farko ba.

Sai aka koma kunne. Marubucin, wanda Bakano ne, ya karanta jawabin da bakinsa, aka tura sautin ta WhatsApp zuwa wayar jikan Baba, yaron yana kunna masa safe da dare. Wannan ya fi, domin cikin mako uku ya riƙe kusan rabi. Amma duk lokacin da na je jin hadda, abin da ke fitowa daga bakinsa ba shi ne a takarda ba. Inda aka rubuta "suka tafi da su" sai ya ce "sunka tahi da su". Inda aka rubuta "wannan yaƙi" sai ya ce "wanga yaƙi". "Fuskarsa" ta koma "huskatai". Ni kuwa an umarce ni in tsaya a kan rubutu, saboda sauran 'yan wasan da Hausar Kano suka yi nasu, kuma ana tunanin masu kallo na ko'ina. Da na gyara masa kalma ɗaya, sai zaren ya tsinke, ya koma farko.

Wata rana ya dube ni ya ce, "Wa yar rubuta wagga magana?" Na faɗa masa. Ya ce, "Malami na, ya iya rubutu. Amma tsohon da kuka so in zama ba haka shika magana ba." Na rubuta wannan a littafina, na kai wa darakta, aka ce a bari sai ranar ɗauka, in ya ga kamara jikinsa zai tuna.

Janairu: ranar ɗauka ta farko

An ɗauko shi daga gida ƙarfe bakwai na safe, cikin hunturu. An tsara fitowarsa ƙarfe tara, amma tsohuwar motar da aka yi haya don fitowar ɗibar sojoji ta ƙi tashi, kuma a ranar za a mayar da ita, don haka aka ba ta gaba. Baba ya zauna a kujera ƙarƙashin bedi daga takwas har ɗaya da minti arba'in. Abincin rana bai iso ba sai bayan biyu, ga mai ciwon suga wanda ya karya kumallo tun asuba.

Zauren da aka zaɓa na ƙasa ne mai rufin azara, shi ya sa aka zo ƙauyen, domin samun wurin da babu kwano ko turken lantarki a bayansa ya yi wuya yanzu. Abin da ba a lissafa ba shi ne fadama. Lokacin noman rani ne, injinan ban ruwa na shinkafa suna ta ruri daga kowane gefe, kuma da rana suka fi yawa. Mai sauti ya maƙala wa Baba ƙaramin makirufo a wuyan riga don ya guje wa ƙarar. Baba kuwa ya saba da zamanin da makirufo ɗaya ke rataye can nesa, dole ɗan wasa ya ɗaga murya ta cika ɗaki. Da ya buɗe baki sai sautin ya fashe. Aka ce ya rage, ya rage, sai hankalinsa ya rabu biyu, rabi a kan murya, rabi a kan hadda.

An gwada dabara uku a jere. Aka rubuta layukan a kwali aka riƙe bayan kamara, amma idonsa yana bin rubutun, kowa ya ga karatu yake yi. Aka sa ni ina faɗa masa layi yana maimaitawa, sai muryata ta hau kan tasa, kuma maganar ta fito gutsi-gutsi kamar ɗalibi na biya allo. Daga ƙarshe aka sa masa abin sauraro na waya a ƙarƙashin rawani. Dole a kunnen dama aka sa, tunda shi ne mai ji, sai ya zamana ba ya jin yaron da ke gabansa ko kaɗan, wanda kuma dama an zaunar da shi ta hagu saboda haske.

Ɗauka 17 aka yi tsakanin ɗaya da minti arba'in da ƙarfe biyar. Mafi tsawon abin da ya fito lafiya daƙiƙa 40 ne. Duk wannan a gaban jama'a, domin ƙauyen ya ji labarin wanda ya zo, maza da yara sun cika ƙofar zaure, har da tsofaffin da suka san shi a talabijin. A ɗauka ta 17 ya tsaya tsakiyar jimla, ya cire abin kunnen ya ajiye a tabarma, ya ce, "Ku yi hanƙuri ɗiyana, ku biɗi wani." A mota bai yi magana ba har gida.

Makonni uku na neman faci

Edita ya fara gwada haɗa guntayen. Bai yiwu ba: inuwar ƙofar zaure ta yi tafiya tsakanin azahar da la'asar, ko wane yanki da haskensa, kuma gajiya tana ƙaruwa a fuskar Baba daga wannan yanki zuwa wancan.

Aka kawo wani mai aikin rediyo da ya iya kwaikwayon murya, ya ɗora magana a kan hoton. Kwana biyu aka yi a kai. Muka nuna wa dattawa uku da ba su san abin da aka yi ba. Tun kafin a kai rabi ɗaya ya ce wannan ba muryarsa ba ce.

Daga nan ra'ayi ya rabu. Furodusa ya ce a ɗauki daƙiƙa 40 ɗin nan, a sa kiɗa mai taushi a kai, a buga fuskar Baba babba a fosta, tunda an riga an biya. Marubuci ya ce a kira wani dattijo daga Kano wanda ya saba da hadda, domin jawabin shi ne zuciyar fim ɗin, nan ne kaɗai ake faɗin yadda aka ɗebi mutanen. Kowace hanya da kuɗinta: sake ɗauka na nufin hayar kamara da janareto da mota da abinci na wani yini, ga kasafin ya riga ya ƙare.

Wanda ya sauya maganar wani tsohon mai ɗaukar hoto ne da ya yi aiki da Baba a Sakkwato. Darakta ya je gaishe shi, ya ba shi labari. Mutumin ya tambaya ko takarda muka ba Baba. Da aka ce eh, sai ya ce shi a iya saninsa ba a taɓa ba Baba takarda ba. A zamaninsu mai shiri zai tara su a inuwa ya ce: kai ne wane, ga abin da ya same ka, ga wanda zai shigo, ga inda nake so magana ta tsaya. Sauran kuma na ɗan wasa ne. Haka akasarin wasan kwaikwayon Hausa na rediyo da talabijin ya tashi, kuma mu duka mun san haka, a kansa muka girma. Ba mu dai haɗa wannan sani da mutumin da ke gabanmu ba.

Fabrairu: zaman tabarma

Komawa gidan ya fi komai nauyi. Darakta ya fara da ba da haƙuri a kan zaman jira da abinci da taron jama'a, ɗaya bayan ɗaya, bai haɗa su a dunƙule ba. Baba ya ce ya wuce. Ba a ambaci sake ɗauka ba a ranar. Darakta ya tambaye shi kawai ko ya taɓa sanin wanda ya je Burma.

Ashe kawunsa ya je. Ƙanen mahaifiyarsa ne, ya dawo kafin a haifi Baba da 'yan shekaru, kuma a ɗakinsa Baba ya yi ƙuruciya. Sau uku muka je, kowane zuwa bayan la'asar, babu kamara, sai waya da ke ɗaukar sauti da izininsa. Ya ba da labarin akwatin ƙarfen kawun da ba a yarda yaro ya taɓa ba, da ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku da ke shiga cikin takalmi, da dajin gora, da abinci da jirgin sama ke jefo musu da laima. Ya ce kawun ba ya son a yi masa tambaya a kan faɗa, amma in ya ga dama yakan yi maganar waɗanda aka bari can. Mutumin da aka ce hadda ta gagare shi ya kawo sunayen abokan kawunsa da garuruwansu, abin da ya ji fiye da shekara sittin da suka wuce.

A zama na biyu ya faɗi abin da ya zama fitowar. Ya ce kawun ya taɓa gaya musu cewa a can, in za su yi salla, mafaɗar rana suke kallo. Yara suka yi dariya, suka ɗauka zolaya ce, don a wurinmu gabas da alƙibla kalma ɗaya ce. Amma haka abin yake: Burma tana gabas da Makka, wanda ke can yamma zai fuskanta. Baba ya ce in shi ne uban, ba zai yi wa kowa jawabi a kan Turawa ba. Abin da zai so ya ji shi ne ko an yi wa ɗansa wanka, ko an sallace shi, da yadda aka kwantar da shi.

Marubuci bai ji daɗi ba da farko, kuma yana da hujja, domin bayanin ɗibar sojoji zai fita daga fim ɗin. Aka daidaita a kan a mayar da wani sashe nasa bakin wani malami a fitowar da ba a riga an ɗauka ba, saura kuma a rubuta shi a allon farko. A zama na uku aka kawo yaron da zai yi soja. Ba a ba shi layi ba. An gaya masa yadda abokinsa ya mutu, da wanda ya binne shi, da inda aka fuskantar da shi, aka ce duk abin da Baba ya tambaya ya amsa da gaskiyar labarin, kuma da harshen ƙauyen, tunda shi ma ɗan Argungu ne.

Ƙarshen Fabrairu: ranar ɗauka ta biyu

Ta hannun hakimi aka roƙi masu gonakin da ke kusa su kashe injinansu daga bakwai zuwa tara na safe, aka ba su ɗan abin da ya sawwaƙa. An haɗa komai tun da dare. Baba ya karya a gida, ya sha maganinsa, ya iso bakwai da kwata ya tarar ana jiransa. Mutum shida ne kawai a cikin zauren, aka saki asabari a ƙofa. An cire makirufon wuya aka rataya mai sanda daga sama, kamar yadda ya saba. An zaunar da yaron ta damansa. Kamara biyu aka kafa, ɗaya a kan kowannensu, daga nesa, don kada a ce a maimaita saboda a samu fuskar ɗayan. Babu fitila a idonsa, hasken ƙofa ne da farin allo.

Darakta ya tsuguna ya ce, "Baba, ɗanka ya tafi shekara uku. Abokinsa ya dawo, ga shi nan zai shigo da kayansa. In ka tashi ka shiga gida, nan muka tsaya."

Ɗauka uku aka yi, ta biyu aka ɗauka. Yaron ya yi sallama, ya ajiye ƙunshin. Baba bai taɓa shi ba. Ya yi masa barka da hanya, ya tambayi iyayensa, kamar ba shi da wata tambaya. Sannan ya ce, "An yi mai wanka?" Aka ce an yi. "An yi mai salla?" Aka ce mutum huɗu suka yi. Ya ɗan jima, ya ce, "Kun sa huskatai gabas?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, can alƙibla yamma take. Inda rana ka hwaɗuwa muka kallo." Shirun da ya biyo baya daƙiƙa 22 ne a agogon edita. Baba ya juya ya dubi ƙofar zaure, ya ce, "Ashe yaro ya yi nisa." Ya jawo ƙunshin, ya tashi da kyar, ya shige.

Tsawon fitowar minti biyu da daƙiƙa 50. Maganarsa duka ba ta kai kalma 60 ba. Takwas da rabi an gama, kafin tara yana hanyar gida.

Maris zuwa Yuni: tacewa da fitarwa

Edita bai yanke shirun ba, kuma ba a sa kiɗa a kai ba. An biya Baba kuɗin yini biyu maimakon ɗaya, aka sa sunansa cikin waɗanda suka ba da gudummawar labari. A kan fosta an ja: furodusa ya so fuskarsa a tsakiya, darakta ya ce wanda ya biya kuɗi ko ya ƙona data don ganin Baba zai jira fiye da awa ɗaya kafin ya gan shi na minti uku, kuma Baba za a zaga. Aka sa ƙaramin hotonsa a gefe da rubutun "fitowa ta musamman". Hausarsa ba ta hana kowa fahimta ba. A nunin farko a Birnin Kebbi, da fim ya ƙare, mutum biyu suka tsaya suka ce kakanninsu ma sun je Burma.

Abin da ya gaza, abin da ya yi aiki

A ranar farko kusan kowa a wurin ya tafi da cewa tsufa ne. A ganina tsufa yana ciki, amma shi ne ƙaramin kaso, kuma shi ne mafi sauƙin magani: ido, kunne da suga duk mun san da su tun Oktoba, kuma abin da suka buƙata bai wuce a ɗauka da safe, a ciyar da shi a kan lokaci, a zaunar da abokin wasa ta dama ba. Babban kuskuren shi ne mun nemi mutumin saboda abin da ya iya, sannan muka hana shi yin sa. Gwanintarsa ita ce ya shiga halin mutum ya samo maganar da kansa, da harshen da ya tashi da shi. Kwali da abin kunne da ɗora murya duk hanyoyi ne na tilasta rubutun ya bi ta bakinsa, shi ya sa kowace ta faɗi a wuri ɗaya. Ni da na zauna ina mayar masa da "sunka" zuwa "suka" har tsawon wata biyu, da hannuna a wannan, kuma ya gaya mini matsalar ƙarara tun Disamba.

Ba zan ce wannan hanya ta dace da kowane tsohon ɗan wasa ba. Akwai waɗanda suka fito daga dandamalin makaranta, hadda ce ƙarfinsu, in ka hana su takarda ka cuce su. Kuma an yi asara: bayanin yadda aka ɗebi samarin ya raunana da aka raba shi biyu, marubuci yana da gaskiya a nan. Kamara ta biyu da yinin da aka ƙara sun ci kuɗin da aka tanada don gyaran sauti, ana jin haka a wasu fitowar.

Akwai kuma abin da ɗauka ta biyu ba ta gyara ba. Mutanen ƙauyen da suka cika ƙofa a Janairu sun ga dattijon da suke girmamawa yana laluben magana har sau 17, kuma mafi yawansu ba su ga fim ɗin ba. Sakin asabarin nan a rana ta biyu ba dabararmu ba ce, shi ya nema, kuma shi ne sharaɗi ɗaya tak da ya kafa kafin ya yarda ya koma zauren.